Basillar Rabo Wanzami

Shafi na 9

Laifin da za ku ji hukuncinsa yau shi ne ɓoye rabin magani. Mutum ya yi abu biyu ya samu sauƙi, ya dawo gida ya faɗi guda ya haɗiye guda, don a ce shi ne mai sani. Wanga ya fi ƙarya tsagwaronta muni. Ƙarya ana gane ta da wuri. Rabin gaskiya kuwa har mai hankali shina bin ta, kuma ni na bi.

Masu aiko mini da saƙo kuna cewa na daɗe ban rubuta ba, ku yi haƙuri ko kada ku yi. Wanga shafi hannuna ya daɗe shina ƙin shi, don da ni a ciki.

Wanda bai biyo mu tun farko ba, ga inda muke. Bazarar 1983 ce, a garinmu, tsakanin Tabotaki da Dewule. Maƙwabcina Alƙasim, wanda katanga guda ta raba mu, ya yi ciwon da lokotoro, wato likita, ke ce wa zona. Ƙuraje masu ruwa sunka fito masa gefe guda, daga tsakiyar baya sunka zagayo haƙarƙarin dama. Ƙurajen sun bushe tuni, amma wutarsu ta zauna cikin jiki. Wata huɗu bai sa riga ba, don ko iska ta shafi wurin sai ya ciji leɓe. Ya bar masallaci, don dattijo bai shiga sahu da jiki a waje. Majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin Buza, ya ba shi ƙwayoyi, sun rage masa har shina samun barci.

Sai Rabo wanzami ya shigo. Abokin kaciyar Alƙasim ne, rana guda anka zaunar da su. Gida arba'in da ɗaya yake askewa, gadon uba da kaka. Bara ya yi irin ciwon nan a hagu, ya tahi Maraɗi wurin lokotoron Shinuwa, wato mutanen Sin, masu soka allura, ya dawo da riga a jiki da wata takarda mai zanen mutum da ɗigo-ɗigo. Ya ce allura kaɗai ta warkar da shi. Ya ce sun koya masa aikin, takardar ita ce shaida. Ya amshe ƙwayoyin Alƙasim, ya ce ƙwaya tana kashe ƙarfin allura, za shi binne su. Ya samo basilla uku ta ɗinkin buhu, ya goge su da dutse har sunka yi tsini. Ya dafa ƙirji ya ce ranar sunan jikan Alƙasim na fari, Alƙasim da riga za shi fito.

Sau biyar ya soka shi. Ni Maiguwa, ni ke danne ƙafafu.

To, ga mu a jajiberen suna, da hantsi.

Mata na daka a cikin gida, rago na ɗaure a gindin rumbu. Mu kuwa muna zaure. Alƙasim kwance a tabarma a kan hagunsa, jikinsa da zafi kamar dutsen da rana ta dafa. Wuraren da anka soka sun kumbura, biyu na fitar da mugunya. Rabo ya ce dafin ciwo ne ke fita. Maigari Hamidu ya zo duba rago, ya tsaya kallo.

Rabo ya ɗaga basilla.

"Maiguwa, danne. Wagga ita ce ta ƙarshe."

Na danne.

Sai munka ji sallama, muryar mace. Kafin a amsa ta shigo, da jaka a kafaɗa da ƙurar hanya a ƙafa. Marta ce, ɗiyar Filibus ƙanen Alƙasim. Filibus ya bar gari tun shina saurayi, ya tahi jinya asibitin mishan, ya zauna can ya bi addininsu. Ɗiyar a can anka haife ta, sau biyu kaɗai ta taɓa zuwa garinmu. Suna ya kawo ta, ta biyo motar kasuwar Tabotaki.

Ta durƙusa za ta gaida baffanta. Gaisuwar ba ta fita ba.

"Baba Alƙasim, mi anka yi maka?"

Rabo ya ce, "Ke, mata na ciki. Nan aikin maza ake."

Ba ta dube shi ba. Ta sa bayan hannu a goshin Alƙasim, ta janye.

"Kwana nawa da masassarar nan?"

Na ce, "Uku."

Ta dube ni, ta dubi hannuwana a kan ƙafafunsa.

"Baba, sake shi."

Ban san lokacin da na sake ba.

Rabo ya yi dariya. "Maiguwa, da gemunka 'yar mishan ke ba ka oda? Ke ɗiyar Filibus, uban ubanki ubana ya yi wa aski har ya shiga rami. Tashi ki ba ni wuri."

"Aski na yarda, Baba. Wagga kuwa ba aska ba ce. Basilla ce."

"Allura ce."

"Ta buhun albasa."

"Allura dai allura ce. Shinuwa ma da ita suke aiki."

"Ka dafa ta?"

"Nama ce da za a dafa ta? Na shafe ta da toka."

Marta ta rufe ido, ta buɗe. Ta yi magana a hankali, kamar mai tsoron muryarta.

"Tsakanin haƙarƙari ka soka. Bayan wurin nan huhu ne. Da ka ƙara zurfin ɗan yatsa guda, da yau ba rago za a yanka ba, makara za a ɗauko."

Alƙasim ya motsa. "Ɗiyata, bar shi. Rabo ya sani. Takarda gare shi."

"Wace takarda?"

Rabo ya buɗe zabira, ya zaro ta daga cikin tsumma. Duk garin mun san ta, ko mace ta haihu sai ya nuna. Ya ɗaga ta sama yadda ya saba, ya nuna zanen mutum da ɗigon da ke baya da hannu da ƙafa, ya nuna hatimi mai shuɗi.

"Ga ta. Lokotoro da hannunai ya buga. Kowane ɗigo wurin allura ne."

Marta ta kalli takardar. Na ga fuskarta ta sake.

Ta ce, "Baba Rabo, mayar da ita. Mu bar zancen takarda. Ka ajiye basilla kawai, mu kai shi likita, magana ta ƙare."

Wallahi ƙofa ta buɗe masa. Da ya bi ta, da ya mutu da sunansa. Amma ya ɗauka tsoro ta ji.

"Kun gani? Ta ga hatimi ta yi sanyi."

Maigari Hamidu ya gyara tsayuwa. Mutum ne mai son ya ji ƙarshen abu.

"Rabo, wata bakwai kana nuna mana takardar nan. Liman ya ce shi ba ya karanta boko. Mushen lakkwal kuwa, malamin makarantar boko, duk ranar da ya zo gari, kai kana ƙauye. Yau ga mai boko har zaure. A karanta mu ji, mu ma mu yi alfahari da kai."

"Maigari, rubutun Shinuwa ne. Ba ta iya ba."

Marta ta ce, "Faransanci ne."

"To a karanta," in ji maigari.

Dakan mata ya tsaya. Fatsima, matar Alƙasim, ta zo bakin ƙofar zaure da taɓarya a hannu.

Marta ba ta miƙa hannu ba.

"Baba Rabo, wannan karnen jinyarka ne, takardar da ake rubuta wa mai ciwo. Abin da ke ciki sirrinka ne. In ba ka ce ba, ko maigari bai sa ni karantawa."

Rabo ya dubi maigari. Ya dubi Fatsima. Ya dube ni. A zatona shi da kansa bai san abin da ke rubuce ba. Ya ɗauka sunansa ne da sunan gari da ɗan abin da lokotoro ke rubutawa. Wanda bai yi boko ba haka yake da takarda, zanen yake gani, sauran duk tururuwa ce. Ni ma haka nike a lokacin.

Ya jefa mata.

"Karanta. Mi za ki samu?"

Ta ɗauka. Ta karanta da Faransanci, sannan ta mayar mana da Hausa, layi bayan layi.

"Rabo, wanzami. Ciwon jijiya bayan zona, gefen hagu. Allura zama goma sha biyu, sau biyu a sati."

"Kun ji!" in ji Rabo.

"Ƙwayar rage zafi, safe da maraice, bayan abinci. Kada a bar ta ko an ji sauƙi, sai lokotoro ya ce."



"Ƙarya take," in ji Rabo.

"Akwai saura, Baba. In tsaya?"

Maigari ya ce, "Shi ya ce ki karanta."

"Ya zo zama na ɗaya har na biyar. Na shida bai zo ba. Na bakwai bai zo ba. An ba shi ƙwaya ta wata biyu ranar zama na biyar, daga nan ba a sake ganinsa ba."

Rabo ya miƙe tsaye, basilla na hannunsa.

"Maigari, ka yarda da 'yar da ba ta san alƙibla ba? Daga kanta take faɗi! Wa ya san abin da ke cikin takarda? In ta ce an rubuta ni jaki ne, sai ku ɗaura mini mangala?"

Wani a bakin ƙofa ya yi dariya, ya haɗiye.

Marta ta ninke karnen.

"Baba, ba ka gane ni ba ko?"

"Ɗiyar Filibus ce ke. Sai mi?"

"A Maraɗi nike aiki, shekara uku ke nan, ɗakin Shinuwa. Ni ke dafa allurai. Ni ke tsayawa tsakanin lokotoro da mai jinya, shi ya faɗi da Faransanci, ni in mayar da Hausa. Sau biyar ka kwanta gabana. Ba ka taɓa ɗaga kai ka dubi fuskata ba, hannun lokotoro kake kallo ta gefen ido kana ƙirga wurare. Har ya yi dariya ya ce, tsohon nan shina son aikin. Kai ka roƙi a zana maka ɗigon, ka ce za ka nuna wa iyalinka inda anka soka ka."

Ta ɗaga karnen.

"Wannan rubutun hannuna ne. Hatimin ma ni na buga."

Na tuna ƙarar kuda guda da ke yawo a kan raunin Alƙasim. Ita kaɗai ake ji.

Maigari ya ce, "Ɗiyata, gaya mana. Allurar tasu, gaskiya ce ko ƙarya?"

"Gaskiya ce, ranka shi daɗe, amma ba irin wannan ba. Siririya ce kamar gashin wutsiyar doki, ko jini ba ta fitarwa, kuma ba ta shiga jikin mutum sai an dafa ta. Ba a kai ta zurfi a ƙirji. Kuma ba ita kaɗai take tahiya ba. Ƙwaya ke danne wutar har mutum shi yi barci shi ci abinci, allura kuma na lallashin jijiyar a hankali, sati bayan sati. Haka muke haɗa wa masu wanga ciwo. Duk da haka ba kowa ke rabuwa da shi ƙaf ba, wani sauƙi yake samu kawai, kuma ba mu ɓoye wa kowa haka."

Ta juya wurin Fatsima.

"Inna, ba a ba shi ƙwaya a Buza ba?"

"An ba shi. Shina sha, shina barci har in tashe shi salla. Wanga ya zo ya amshe."

"Ina suke?"

Rabo ya ce, "Na binne su. Bayan gari, gindin aduwa. Maiguwa ya ji na faɗi."

Na ce, "Na ji ka faɗi. Ban ga ka binne ba."

Ita ce magana ta farko mai amfani da na yi cikin kwana ashirin.

Rabo ya sunkuya ya tattara zabira, ya rataya.

"Tunda kun samu lokotoro mace, ku zauna da ita. Gobe in an yanka rago a kira ni in aske jinjiri. Sauran kuwa babu ruwana."

Ya nufi ƙofa. Fatsima na tsaye a ciki. Mace ce da ban taɓa jin muryarta ta ƙetare katanga ba, shekara ashirin muna maƙwabta.

"Ba ni hanya, Fatsima."

"Kai ni gindin aduwar."

"Ki ba ni hanya na ce."

"Kwana ashirin bai runtsa ba. Ni ke zaune ina riƙe masa zane sama kada shi taɓa shi. Kai ni in tono abinai."

Ya ture taɓaryar za shi wuce. Ta kai hannu ta kamo rigarsa ta gefen hagu, ta ja. Ba da ƙarfi ba ma. Rigar ta goge haƙarƙarinsa.

Rabo ya yi wata ƙara.

Ba ihu ba ne. Wani sauti ne da ke fitowa ta tsakanin haƙora, kamar an zuba ruwa a garwashi. Ya durƙushe, ya ɗaga hannun hagu nesa da jiki.

Fatsima ta sake rigar. Ta ja da baya.

"Wanga kuka na san shi," in ji ta. "Wata huɗu nike kwana da shi."

Zabirar ta zame daga kafaɗarsa ta kife. Asake sunka watse. Ƙahonin da yake yi wa mutane ƙaho da su sunka gangara, guda ya tsaya a ƙafata. Bakin ƙahon toshe da tsumma mai shuɗi.

Na ɗauka. Na ji abu na motsi a ciki.

Fatsima ta ce, "Wannan gefen zanena ne. Ni na yaga na ƙulle su."

Na ja tsumman. Ƙwayoyi farare sunka zubo a tafin hannuna. Bakwai sunka rage.

Ba wanda ya yi salati. Abin ya wuce salati.

Alƙasim ya dafa tabarma ya tashi zaune. Marta ta kai hannu za ta taimake shi, ya hana. Ya daɗe shina kallon abokinsa.

"Rabo."

Rabo bai ɗago ba.

"Rabo, da kai nike."

"Ta dawo mini," in ji Rabo, murya ƙasa. "Tun sanyi. Nawa sunka ƙare, wutar ta dawo. In koma Maraɗi, a ce wanda ya ce shi malamin allura ne ya koma a soka shi? In tahi Buza, majo ya gaya wa duniya. Wanzamin da hannunai ke rawa, wa za shi ba shi kan jinjiri? Na ga naka a ƙulle. Na ce in ɗan ara har suna shi wuce."

"Basillar fa?"

"Na ga yadda suke yi. Wallahi na gani, na ƙirga. Na ce in ta yi maka aiki, sai in sa a yi mini."

Maigari ya ce, "Wato a jikinai kake gwaji."



Alƙasim ya ce, "Ka tuna ranar da ubanka ya zaunar da mu? Kai ka fara kuka. Na ce ni ne, don kada a yi wa ɗan wanzami dariya. Shekara hamsin ban gaya wa kowa ba sai yau."

"Na tuna."

"Da ka zo ka ce, Alƙasim, wutar ta dawo mini, da na kwance ƙullin nan na ba ka rabi. Mu kwana rabin dare kowa. Da mu biyu mun hau mota guda zuwa Maraɗi, ba wanda za shi ji."

Ya numfasa, numfashin na yanke shi.

"Ka zauna kaina sau biyar. Kana jin kukana. Kuma ka san irin wutar, don tana jikinka. Wani in ya yi mini haka sai in ce bai sani ba."

Rabo ya rarrafo za shi kama ƙafarsa. Alƙasim ya janye ta.

Marta ta ce, "Baba, magana ta isa. Masassarar nan ba ta jiran suna. Raunin ya ruɓe, sai an wanke shi an yi maka allurar likita ta gaske, yau ba gobe ba. In ya warke sannan mu yi zancen Maraɗi."

"In ga jikana da suna tukuna."

"In ka tsaya suna, ina tsoron ranar bakwai ta gaba taka ce."

Haka ta faɗa, ba ta sassauta ba. Fatsima ta toshe baki da gefen zane.

Alƙasim ya dubi rigar da ke rataye a ƙusa a bangon zaure. Farar riga ce, sabuwa, wadda ya ɗinka tun cikin matar ɗansa na wata biyar. Kullum Rabo in ya gama suka sai ya nuna ta ya ce saura kaɗan.

"Sule!"

Ɗansa, uban jinjirin, ya shigo.

"Ɗaura amalanke. Ka sauke rigar can ka sa ta gobe, ka tsaya wurina." Ya dubi Rabo. "Ka aika Dewule a zo da wanzami. Kan jikana, wanga kada shi taɓa."

Rabo ya ce, "Alƙasim, kakana ya aske kakanka."

"Na sani. A kaina ya ƙare."

Munka shimfiɗa katifar ciyawa a amalanke, munka ɗora shi a kan hagunsa. Fatsima ta zauna ta riƙe zane sama da hannu biyu don shi tare masa rana ba tare da ya taɓa shi ba. Marta ta amshi ƙwayoyin bakwai daga hannuna, ta ba shi guda da ruwa. Kafin ta hau ta koma zaure. Na bi ta, don ina tsoron abin da za ta faɗa.

Rabo na zaune a ƙasa shina tsintar asake.

Ta ajiye karnen a gabansa.

"Baba, zama bakwai sunka rage maka. Ɗakin na nan, Litinin da Alhamis. In ka zo ba wanda za shi tambaye ka mi ya faru. Amma basilla ukun nan da ni za su tahi."

Ta kwashe su ta fita. Bai ɗaga kai ya dubi fuskarta ba. Har a ranar.

Ni na ja jakin har bakin hanyar mota, inda za su hau zuwa asibitin mishan. Duk tsawon tahiyar Alƙasim bai yi mini magana ba sai sau ɗaya, da motar ta tsaya.

"Maiguwa, hannunka da ƙarfi."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Yau shekara arba'in da wani abu, in na yi alwala na kai kan hannuwana sai maganar ta zo.

Washegari anka yi suna. Sule ya tsaya cikin rigar ubansa, ta yi masa yawa a kafaɗa. Wanzamin Dewule ya aske jinjiri, ya ɗauki rabon wanzami na rago ya hau jakinsa. Kwana huɗu, kwana biyar, babu wanda ya zo daga asibitin mishan da labari, mai kyau ko mummuna. Mata sun bar tambaya da ƙarfi.

Yanzu ku saurara in ƙirga muku abin da Rabo ya rasa, don na yi muku alkawari tun farkon shafi.

Na ɗaya, gidaje. Ba wanda ya je ya gaya masa komai. Juma'ar farko maza sunka zo masallaci da sabon aski wanda ba hannunsa ba ne, sunka cire hula a gabansa suna shafa kai. Daga arba'in da ɗaya, uku sunka rage. Gidan wani kurma da bai ji labari ba. Gidan surukinsa, don kunya. Da gidana, ba don na yafe ba, sai don wanda ya danne ƙafafu ba shi da bakin korar wanda ya soka.

Na biyu, zabira. Yayarsa Jima ta taso daga Ibohamane, tsohuwa da sanda, ta shiga ɗakinsa ta ɗauke ta daga ƙusa. Ta ce ta ubansu ce, ba tasa ba, kuma ubansu bai taɓa sa basilla a ciki ba. Ko mu ukun da munka rage, ba shi da askar da za shi aske mu.

Na uku, Alƙasim. Shekara hamsin.

Na huɗu na gan shi da idona a rana ta shida, da na wuce ƙofar gidansa bayan azahar, jama'a na fitowa daga salla. Shina zaune a inuwar katanga, hannun hagu a ɗage nesa da jiki, leɓe a cije. Ƙwaya babu, allura na Maraɗi.

Rigarsa na rataye a ƙusa.